Malam Abarshi da Goron Asalin Baƙo

Kafin rana ta ɗaga, Malam Abarshi ya riga ya dawo daga masallaci, ya share zaurensa, ya shimfiɗa tabarmi, ya saƙala rediyo a kafaɗa ya nufi tashar Birnin Gwari. Ba mota yake nema ba, labarin hanya yake nema. Zai gaisa da direbobin da suka kwana a gari, ya zauna a bencin mai shayi, ya tare matan da suka shigo da itace da masu zuma da suka fito ta wajen Kamuku. Ba ya tambayar kowa ko an ga 'yan bindiga, don a garin nan ba a yi wa mutum irin wannan tambaya a bainar jama'a. Sai dai ya tambayi mai itace me ya sa yau kayanta ba yawa, ko ya tambayi direba abin da ya sa ya zagayo ta Funtuwa. Idan ya tattara abin da ya tattara, sai ya dawo zaure ya tarar da ɗalibai sun yi jugum da kofunan kokon da matarsa, Inna Huseina, ta aiko, kowa ya zuba masa ido. In ya ce, “Yau akwai hanya,” sai a fara ɗaura jakunkuna a babur. In kuwa ya ce, “Yau ranar wanki ce,” to magana ta ƙare, ko da malamin da ke duba aikinka yana can jami'a yana kiran waya yana faɗa.

Haka ya yi shekara ashirin da 'yan kai. Bana gwiwa ta ƙi, ido kuma ya fara hazo, ya ce ya ajiye makullin babur. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni Karima, ina koyarwa a shirin nazarin yankin Arewa maso Yamma da maƙwabtansa a jami'armu, inda muke horar da masu digiri na biyu da na uku. Amma kafin in zama mai tura ɗalibai, ni ma turo ni aka yi. Na zo zaurensa da siririn mayafi da dogon Turanci, a zamanin da mutum zai ratsa daji da la'asar ba abin da yake tsoro sai ƙaya. Tun daga lokacin, kusan duk wanda bincikensa ya biyo ta Birnin Gwari a bayan babur ɗin Malam Abarshi ya shiga ƙauyuka. Uban Malam Bahaushe ne manomi daga Kutemeshi, uwarsa Bagwariya, Fulatanci kuma ya tsince shi yana saurayi a wurin bin masu yi wa shanu allura. Sunansa yana shafin godiya na kundaye da yawa, can ƙasa, bayan an gama gode wa farfesoshi da mai buga takardu. Abin yana ba ni haushi, ba kuma zan ɓoye ba.

Ɗalibanmu ba daga gida ɗaya suke fitowa ba, abin da ke ransu ma ba ɗaya ba ne. Mun yi Nafisat, 'yar wani tela Bayarabe da ya yi zamansa a Sabon Garin Zariya, wadda ta zo neman sanin yadda mata masu man kaɗe suke yi in an rufe kasuwannin ƙauye. Ta ce tun tana ƙarama take ganin man kaɗe a tukunyar uwarta, ba ta taɓa ganin hannun da ya yi shi ba. Mun yi wani tsohon malamin firamare da aka rufe makarantarsa, ya dawo karatu don ya bi sawun inda yaran ajinsa suka watsu. Wani kuma daga Maraɗi ya zo, shi masu haƙar zinare suka dame shi, ya rame a bin ramuka. Duk wanda ya zo, a takardar jami'a yana da lamba da kanun bincike mai tsawon igiyar guga. A zauren Malam Abarshi kuwa wannan takarda ba ta da amfani.

Domin shi yana da ƙa'ida, kuma a kanta wannan jinjina take. Ba ya ɗaukar baƙo sai ya san asalinsa. Ranar da ka sauka, bayan ka ci ka sha, zai zaunar da kai ya tambaye ka wa ya haife ka, da me ubanka ya ci abinci, me kuma ya raba ka da gida ya kawo ka nan. In ka karanto masa kanun bincikenka sai ya girgiza kai ya ce ka faɗa masa yadda za ka faɗa wa kakarka. Ni da na ce na zo nazarin tattalin arzikin mata a karkara, sai da ya yi ta juya ni har na ce ina so in san ko kuɗin daddawa na mai daddawa ne ko na mijinta. Ya ce yauwa, yanzu na yi magana. Washegari in kun isa ƙauye, ba za ka buɗe baki ba. Shi zai tsaya a ƙofar mai unguwa, gaban dattawa da duk wanda ya taru, ya zayyana asalinka da abin da ya kawo ka, ba ragi ba ƙari. Sannan ya ciro goro ya fasa. Duk wanda ya karɓa ya ci, ya zama shaida cewa ya ji, ya kuma yarda ka zauna. Kullum da magana ɗaya yake rufewa, cewa shi ya kawo ka, in an same ka da ha'inci shi za a kama.

A shekarun zaman lafiya mun ɗauki abin al'adar tsofaffi ce kawai, har muna kwaikwayonsa a mota muna dariya. Da daji ya lalace, aka fara sace mutane a gona, kowane baƙo mai waya da tambaya ya zama abin tuhuma, sai dariyar ta ɗauke.

A irin wannan lokaci ne na tura masa ɗalibai biyu. Ɗaya Praise ce, Bagwariya, 'yar wani malamin coci, wadda ke binciken tsofaffin kufai na kan duwatsu inda kakanninta suka zauna kafin a sauko ƙasa. Ita ce ta ga abin da zan faɗa da idonta, daga bakinta kuma na ji yawancinsa. Ɗayan Abdulbaƙi ne, yaro shiru-shiru mai ƙoƙari, wanda ke binciken burtali, wato hanyar da aka ware wa shanu tsakanin gonaki, da yadda manoma da makiyaya suke sasanta ɓarna a da. Mu a jami'a mun san shi ɗan Zariya ne, Hausarsa tas, ba wanda ya taɓa jin wani yare a bakinsa.

A zauren Malam ne abin da ya daɗe a binne ya fito. Da tambaya ta kai tambaya, Abdulbaƙi ya sunkuyar da kai ya ce shi a ruga aka haife shi, a cikin dajin nan. An kore musu shanu yana yaro, ubansa ya bi sawu bai dawo ba, kawunsa ya ɗauke shi zuwa Zariya. Tun ranar da wani ɗan ajinsu ya kira shi ɗan ɓarayin daji ya daina Fulatanci a gaban mutane. Sai ya roƙi Malam alfarma.

“Baba, don Allah in mun je ka ce ni ɗan Zariya ne. Ai ba ƙarya ba ce, can na girma. A bar kaza cikin gashinta.”

“Ɗana, ba ƙarya ba ce, amma rabin gaskiya ce. Ni kuwa rabin da ka ɓoye shi nake tsoro. Ko in faɗa duka, ko ka koma a ba ka wani mai ja-gora.”

Praise ta ce sun kwana biyu ba sa ga maciji. Abdulbaƙi ya kira ni yana huci, wai tsohon nan zai kashe masa bincike tun ba a fara ba. Na ce masa ni ma ba ni da wani Abarshi a aljihu, ya zaɓa. A ƙarshe ya hau babur ransa a ɓace.

Ƙauyen da suka je yana can gefen Tabanni, ba zan kama sunansa ba, kamar yadda muke koya wa ɗalibai. Mutanensa sun sha wuya, an kashe musu, an sace musu, gonakin nesa duk sun zama saura. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Malam ya tsaya a ƙofar Mai unguwa Yusha'u, ya fara da Praise, aka yi ta gyaɗa kai, har wani tsoho ya ce zai nuna mata dutsen da aka yi tukwane. Sannan ya dafa kafaɗar yaron.

“Wannan Abdulbaƙi ne, ɗan Jaji, Bafulatanin da ya yi zama a rugar bakin rafi, gabas da ku. Uwarsa A'isha, ana ce mata Shatu mai nono. An kore musu shanu yana yaro, uban ya bi sawu bai dawo ba. A Zariya ya yi karatu. Ya zo ya ji inda burtali ya bi a da, da yadda kakanninku da nasa suke raba rigimar ɓarna ba a kai ga jini ba. Zai je ruga ya tambaya kamar yadda zai tambaye ku. Ni na kawo shi. In an same shi da ha'inci, ni za a kama.”

Malam ya fasa goro ya miƙa, hannunsa ya daɗe a miƙe. Mai unguwa ya karɓa da ƙyar, dattawa 'yan kaɗan suka bi, wasu suka kakkaɓe riga suka tashi. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa a gindin bishiyar ƙofar gidan, Inna Fatsuma, ta ce a miƙo mata nata, ta jefa a baki.

Abin da Abdulbaƙi ya ji tsoro shi ya faru. An ba su masauki, amma shi ba mai yi masa magana in ban da sallama. Praise tana hawa duwatsu ana ba ta labari har ta gaji da rubutu, shi kuwa yana zaune a inuwa kamar wanda ya zo zaman makoki. In Malam ya kai shi ruga, can ma kallon ɗan birni suke yi masa, mai takalmi da agogo. Ya zama ba ya nan ba ya can. Inna Fatsuma kaɗai takan kira shi ya tsince mata kalwa, tana yi masa 'yar hirar da, ta zamanin da ake ba da hatsi a karɓi nono. Duk lokacin da ya haɗa ido da Malam sai ya kau da kai, don a ganinsa shi ya jawo masa.

Ana cikin haka jikin Inna Huseina ya motsa, Malam ya koma gari ya kai ta asibiti, ya bar su a hannun mai unguwa da niyyar ya dawo jibi. Washegari da hantsi 'yan bindiga suka faɗa wa masu girbin masara a bayan ƙauye, suka tafi da mutum biyu. Ɗaya daga ciki autan Inna Fatsuma ne. Wansa kuwa, Habibullahi, shi ne shugaban 'yan sa-kai na ƙauyen, kuma ranar da aka fasa goro ba ya gari.

Kafin azahar mutanen ƙauyukan kusa sun fara zuwa jaje. A cikinsu wani ya hango Abdulbaƙi, ya tsaya cak, ya nuna shi da yatsa. Ya rantse ya gan shi makon jiya a wata ruga, yana zaune a kan tabarmarsu yana zuba Fulatanci. Ya ce wannan ba ɗalibi ba ne, ɗan daji ne aka sa wa rigar birni, shi ke kai rahoton wanda ya fita gona. Praise ta ce ba ta taɓa ganin magana ta kama da sauri haka ba. Kafin mai unguwa ya sa takalmi an riga an ɗaure yaron a jikin bishiyar nan, an fasa masa baki, samari sun kewaye shi da bindigogin gida da adduna. Wasu na cewa a matsa shi ya faɗi inda aka kai mutanen, wasu na cewa ba sai an ɓata lokaci ba. Mai unguwa Yusha'u yana ta a yi haƙuri, amma muryarsa ba ta wuce bakin zaurensa ba.

Waya ba ta shiga ƙauyen sai a kan wani dutse. Praise ta zame ta bayan gidaje ta hau, a ranar da kowa ya san masu bindiga ba su yi nisa ba, ta kira Malam tana haki. Yana bakin asibiti. A safiyar nan da bakinsa ya ce wa wani direba yau ranar wanki ce, kada ya kuskura ya bi hanyar Tabanni. Ya saurare ta har ta gama, ya ce ta sauko ta shiga cikin mata ta zauna, kada ta yi gardama da kowa. Inna Huseina da ke kwance ta ji komai. Ta ce masa ya tafi, ɗan mutane ne.

Malam, kai ne mutumin da ya shekara ashirin yana hana mu hanya in ta yi wari, ranar nan ka bi ta kai kaɗai da tsakar rana. Na tambaye ka daga baya ko ba ka ji tsoro ba, ka ce mini tsoro ya kama ka tun daga bakin gari, har addu'ar hawa abin hawa ta ɓace maka. Na fi son wannan amsa da a ce ka yi mini cika-baki.

Da ya iso, Praise ta zaci zai ruga wurin bishiyar. Bai ko kalli wajen ba. Ya kafe babur, ya cire takalmi, ya shiga gidan Inna Fatsuma ya yi mata jaje yadda ake yi, ya yi addu'a Allah ya kuɓutar da waɗanda aka kama, ya wuce gidan ɗayan ma ya yi. Samari suna kallonsa, sun rasa ta inda za su tare shi. Sai da ya gama sannan ya ratsa tsakiyarsu, ya zauna a ƙasa kusa da Abdulbaƙi, ya jingina da bishiyar, ya haɗa hannayensa biyu ya miƙa wa Habibullahi.

“Habibu, an yi kuskuren ɗauri. A nan wurin na ce in an same shi da ha'inci ni za a kama. Ga ni.”

“Baba Abarshi, ka tashi. Ba da kai muke ba. Ƙanena yana daji, wannan kuma an gano ko shi wane ne.”

“An gano me?”

Habibullahi ya ce an gano Bafulatani ne, an gan shi a ruga. Sai Malam ya ɗaga murya, ba don faɗa ba, don na baya su ji, ya sake zayyano asalin yaron kamar yadda ya yi ranar farko. Ɗan Jaji, ɗan Shatu mai nono, rugar bakin rafi, shanun da aka kore, uban da bai dawo ba, da cewa zai je ruga ya tambaya. Ya ce rugar da aka gan shi, shi ya kai shi a bayan babur ɗinsa, shi ma yana kan tabarmar. Sannan ya juya ga baƙon da ya yi nuni, ya tambaye shi a cikin abin da ya zo da shi wanne ne sabo, wanne ne ba a faɗa a ƙofar nan ba da rana tsaka. Ya ce ɗan leƙen asiri ba ya aiko a yi masa shela kafin ya iso. Mutumin ya fara kame-kame.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, don mai baƙin ciki ba hujja yake nema ba. Wani saurayi ya ce duk wannan zance ne, su ba su ji ba. Malam ya ce to akwai waɗanda suka ji, har suka ci goro a kai, su yi magana. Ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi ƙasa. Ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a tafin hannunsa. Ba na zaginsu. Su za su kwana a ƙauyen tare da samarin nan, kuma su ne masu tsaron da suke da su. Praise ta ce a wannan shirun ne ta sallama, ta fara yi wa Abdulbaƙi addu'a irin ta gidansu. Habibullahi ya ce wa yaransa su janye tsohon. Biyu suka kama shi, shi kuwa ya sa hannu ya riƙe igiyar da aka ɗaure yaron da ita, ya ƙi saki.

Sai ga Inna Fatsuma ta fito daga cikin gida, idonta a kumbure, mata na riƙe ta tana fizgewa. Ta tsaya a gaban ɗanta.

“Na ci goron. Ina nan zaune aka faɗa, kuma tun da aka ce Shatu na san ɗan waye. Uwarsa ta shekara tana kawo mini nono, da shi a goye. Lokacin da na yi ciwon nono bayan haihuwar autana, madarar shanunsu ya sha. Ban san abin da ke cikin zuciyar yaron nan ba, Allah ya sani. Amma bai shigo mana a ɓoye ba. Habibu, in Allah ya dawo mini da ƙanenka, ba na so ya tarar da jini a ƙofar gida.”

Daga nan mai unguwa ya sami murya, ya ce shi ma ya ci. Wani dattijo ya ce shi ma. Habibullahi ya daɗe a tsaye, adda a hannu, hawaye na zubo masa. Sannan ya sunkuya ya yanke igiyar, ya ce su bar ƙauyen kafin la'asar, kada ya sake ganin ko ɗayansu, har da Malam.

Su uku suka hau babur ɗaya, Abdulbaƙi a tsakiya don jiri na ɗibarsa. Suka yi ta tafiya har suka hango rufin kwanon gari. A nan ne yaron ya kifa kansa a bayan Malam ya ce, da an ce shi ɗan Zariya ne fa? Malam ya ce da yanzu ana neman wanda zai kai wa kawunsa labari. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, sannan ya ce wa yaron ya yi shiru ya riƙe shi da kyau, akwai rami a gaba.

Ba zan yi muku kwalliya ba, abin bai ƙare da daɗi duka ba. Autan Inna Fatsuma ya dawo bayan makonni, ɗayan har yau shiru. Praise ta rasa duwatsunta, sai da ta sake wurin bincike. Malam kansa ya daɗe ba ya shiga yankin, wasu da suka saba gaishe shi a kasuwa suka daina, ana ce masa mai kai wa daji baƙi. A ruga kuma wasu na ce masa ɗan rahoton 'yan sa-kai. Ya sha daga ɓangare biyu, bai kuma taɓa kawo mana ƙara ba. Da na ce ko zai sassauta ƙa'idar nan saboda zamani, ya ce zamanin ne ma ya sa ba zai sassauta ba.

Abdulbaƙi ya ƙarasa aikinsa a wasu ƙauyuka, a kowanne sai da aka faɗi asalinsa aka fasa goro. A wasu an karɓa, a wasu an ce su juya, suka juya. Ranar da ya zo kare kundinsa a jami'a, shugaban zama ya ce ya gabatar da kansa a taƙaice. Mun saba jin ɗalibi ya faɗi sunansa da lambarsa kawai. Sai ya miƙe ya ce shi Abdulbaƙi ne, ɗan Jaji, ɗan Shatu mai nono, a rugar bakin rafi aka haife shi. Waɗanda suka yi shekaru suna zama aji ɗaya da shi suka juyo suna kallonsa. Ni kuwa na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

Watan jiya muka taru a zauren Malam don yi masa ban gajiya, tsofaffin ɗalibai da sababbi, Inna Huseina ta cika mu da waina. Ba mu yi dogon jawabi ba, don ya ce in aka fara Turanci zai shiga gida. Abdulbaƙi ne ya tashi da goro a hannu, ya dafa kafaɗar tsohon, ya zayyana asalinsa a gabanmu: ɗan manomin Kutemeshi, ɗan Bagwariya, yaron masu allurar shanu, wanda ya goya 'ya'yan mutane a babur ya kai su ya dawo da su. Ya ce shi ya tsaya masa, in an same shi da ha'inci shi za a kama. Malam ya ce, “Ji ɗan nema, ni za ka gabatar a zaurena?” Amma da aka miƙa masa goron ya karɓa ya ci.

Malam Abarshi, gada mai haɗa gaɓa biyu, kai ne ka koya mana cewa mai zuwa tambayar mutane labarinsu, wajibi ne ya fara ba da nasa. Kai ne ka ɗora wuyanka a kan 'ya'yan da ba ka haifa ba, Musulminsu da Kiristansu, ɗan gona da ɗan ruga, ba ka taɓa tambayar me za a rubuta a kanka ba. Mun gode. Allah ya ba Inna Huseina lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya dawo mana da dajinmu yadda ka san shi.

Ku kuma 'yan uwana malamai da ɗalibai, da duk wanda ke karɓar baƙo a wannan zamani na zargi, ga abin koyi. Ku san wanda kuka kawo, ku faɗe shi da rana tsaka, ku tsaya masa in rana ta ɓaci. Ni dai na fara nawa. Sababbin ɗalibanmu na bana da suka shigo aji ranar farko, kowa ya buɗe takarda zai karanto mini kanun bincikensa. Na ce su rufe. Na ajiye goro a kan tebur, na dubi ta farko na tambaye ta wa ya haife ta.